Daga Garwa zuwa kogin Vina, neman ƙudan dutse

Ɗan ƙanwata da ke karatun ilimin halittu a jami'ar Ngaundere ne ya matsa mini lamba in je in ga aikin da yake yi a bakin ruwa. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Garwa. Na sha zana wa ɗalibai ƙwari a allo, amma ƙudan dutse, wani ƙwaro da 'ya'yansa ke girma a ƙarƙashin duwatsun kogi, ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. Da hutun Disamba ya zo sai na bi motar asuba.

Tafiyar kusan kilomita 280 ce. Mun wuce Ngong ana ta tara auduga a bakin gonaki, muka bi gefen gandun dajin Binuwai, birai na zaune a bakin titi ko gezau. Bayan Mbe mota ta fara hawan dutse tana nishi, iska kuma ta sauya, har na jawo rigar sanyi. Ngaundere tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku, kuma daga wannan tudu manyan kogunan Kamaru da dama suke fitowa. Ruwa mai sanyi, mai gudu a kan duwatsu, shi ƙudan dutse yake so. Binuwai ɗinmu na Garwa yashi ya yi masa yawa.

Washegari muka hau babur zuwa inda ruwan Vina ke zubowa daga kan dutse, kudu da gari ta hanyar Maiganga. Yaron ya naɗe wando, ya kafa raga a ƙasan wani dutse, ya juya dutsen da hannu.

"Kawu, matso ka gani," in ji shi.

A cikin farin faranti na ga wani ɗan ƙwaro shimfiɗaɗɗe, ruwan ƙasa, yana gudu da sauri. Ya ce in ƙirga jelarsa: biyu ne, kamar zare. In dubi ƙarshen ƙafa: farata biyu. A gindin ƙafafun kuma akwai wani gashi tsubu-tsubu, da shi yake shaƙar iskar cikin ruwa. Kusa da shi akwai wani mai kama da shi, amma jelarsa uku, farcensa ɗaya, abin numfashinsa kuma a jere a gefen ciki. Wannan wani dangi ne daban. Ƙudan dutsen namu mafarauci ne, tsutsotsin ruwa yake ci, kuma ba ya jure ƙazanta. Inda aka zuba maganin feshi ko dagwalon gari ya shiga ruwa, yana cikin na farkon ɓacewa.

Na ce masa, "To, yaro, wane iri ne wannan?" Ya ce nan gizo ke saƙar. Ɗan da ke cikin ruwa da wuya ya faɗa maka irinsa. Sai an kama babba mai fukafukai.

Don haka muka koma da almuru. Muka rataya farin zane tsakanin itatuwa, muka kunna fitila a bayansa. Ƙwari suka yi ta sauka, a cikinsu ga namu: tsawonsa bai kai santimita 2 ba, rawaya-rawaya, ya kwantar da fukafukansa a gadon baya. A tsakiyar kansa akwai ƙananan idanu biyu dab da juna, bayan manyan na gefe. Yawancin 'yan'uwansa uku gare su. Wannan ce alamar Neoperla, zuriyar ƙudan dutse guda tak da ake samu a yankunan zafi na Afirka, cikin ire-ire fiye da 3,500 da aka sani a duniya. Ya sa hantsaki yana tsinta yana jefawa a kwalbar sipirit, kowace kwalba da takardar wuri da rana, an rubuta da fensir don kada ya goge.

Abin da ya fi tsaya mini a rai sai a ɗakin bincike na gan shi. Ya ajiye ƙwarin mata biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Launi ɗaya, tsawo ɗaya, jijiyoyin fiffike ɗaya. Da rantsuwa zan ce uwarsu ɗaya. Sai ya buɗe cikin kowacce da allura, ya fito da ƙwai, kowanne bai kai rabin milimita ba. Ƙwan ta farko an yi masa zane daga sama har ƙasa, layi-layi kamar bayan kabewa, da ɗan wuya a gefe ɗaya inda yake manne wa dutse. Na biyu babu layin, sai 'yan ɗigo-ɗigo. Na daɗe ido a madubi ina tasbihi. Ga maza kuma, sai an jiƙa ƙarshen ciki a sinadari ya yi laushi, a zaro gaban namiji a hankali, a duba yadda ƙayoyinsa suka jeru, a haɗa da siffar ɗan tudun da ke bayan gaɓa ta 7 ta ciki. Hannu ya ɗan yi rawa, aikin dare guda ya lalace.

Wannan wahala ce ta ruɗa masana. A 1952 wani masani ɗan Ingila, Hynes, ya ga kamannin sun yi yawa, ya haɗe na Afirka duka a suna ɗaya, Neoperla spio. Shekaru aka yi ana rubuta wannan suna a kan duk wanda aka kama. Daga baya Bajamushe Peter Zwick ya duƙufa kan ƙwai da al'aura, kuma a 2023 shi da Andreas Zwick suka fitar da nazarin da ya haɗa siffa da gwajin ƙwayar halitta, ya nuna ire-ire fiye da 80, akasarinsu sababbi ga kimiyya. A ganina abin damuwa ne: in kogi ya rasa iri uku cikin huɗu, wanda ke ɗaukarsu abu ɗaya zai rubuta cewa lafiya lau.

Na tambaye shi sunan matan nan biyu. Ya ce, "Kawu, ba zan sa musu suna ba tukuna, sai na sami mazansu daga wuri ɗaya na gwada." Ya rubuta Neoperla kawai a kowace kwalba, ya ba su lamba daban-daban. Mun yi alkawari da hutun gaba za mu gwada ruwan Tello, gabas da gari, ni kuma zan zo da ɗalibaina na ajin ƙarshe.