Abin da gungun Yauri ya koya min kafin na ajiye aiki

Jiya na miƙa takardar ajiye aiki bayan shekara uku ina tsallaka Neja a kwale-kwale, to bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Waɗanda muka yi aikin rabon murhu mai tsimin itace tare sun san gungun, wato tsibirin, da nake nufi, ba sai na kama suna ba.

A gidan wata dattijuwa aka sauke ni, Inna nake ce mata. Gungawa ne, su kuma Reshe suke kiran kansu, kuma mijinta duk sanda muke kan ruwa sai ya nuna min inda gonar mahaifinsa take kafin dam ɗin Kainji ya cika a 1968 ruwa ya shanye wajen. Da asuba maza sun tafi duba raga da gura (tarkon kifi), yara na kai ruwa gonar albasa, mata kuma kafin hantsi sun feɗe kifi sun jera shi kan waya a saman murhu. Tuwon dawa da miyar kuka da bandar tarwaɗa da daddawa, warangi kuma, ƙananan kifin nan, a shanya a daka a barbaɗa wa yara a kunu, wallahi ban taɓa cin miya irin ta gidan nan ba.

Sai oga ya kira waya wai baƙi za su zo ɗaukar hoto, lallai a rushe tsofaffin murhu a gidajen bakin ruwa kafin su iso. Da Inna na fara tunda ita ce ba za ta iya ce min a'a ba. Ta dube ni ta ce "Malama, wannan wutar fa ba ta tuwo ce kaɗai ba." Na ji ta sarai, amma na ce Inna ki yi haƙuri umarni ne daga sama, kuma da hannuna na taya yara fasa shi. Watan Agusta ne, ruwa ba dare ba rana, babu ranar shanya, sabon murhun kuwa an yi shi ne dama don ya rage hayaƙi, to hayaƙin nan shi ke riƙe kifin. Kwana huɗu tsutsa ta shiga kwando uku na tarwaɗa da ƙarfasa da za a kai kasuwar Yelwa, kuma da kuɗin ne za a cika kayan ɗakin autarta. Inna ba ta ce min uffan ba. Daren nan ta kawo min tuwo da miya lami ta ce "Ci 'yar nan, haka Allah Ya nufa", na kasa kai loma ta biyu.

Shi kuwa oga a rahoto ya rubuta wai mutanen gungu ba sa karɓar canji. Mutumin da bai taɓa kwana a can ba, tun hatsarin jirgin Warra na watan Mayun 2021 ya daina shiga ruwa, a Yelwa yake tsayawa ya yi ta kira. Tsoron kam ban ga laifinsa ba, mu ma da addu'a muke shiga, amma ka zauna a tudu kana yanke wa madafin mutane hukunci? Da na cire daga albashina muka gina murhun banda a waje ƙarƙashin rumfa, sabon murhun ya zauna na girki kawai (gaskiya hayaƙin yana cin idon matan da ƙirjinsu, wannan ba ƙarya ba ce), takardar tuhuma ya ba ni. Bayan wata shida ina zaune a taro a Birnin Kebbi ya miƙe ya gabatar da tsarin a matsayin dabararsa, aka tafa masa.

Ku da za ku ci gaba, ku kwana a gidan kafin ku taɓa murhunsa. Umarnin waya ku ce a turo a rubuce. Rigar ruwa kuma ku sa ko da direban jirgi ya yi muku dariya.

Sai da aka ɗaga bikin yarinyar zuwa bayan girbin albasa. Na je, Inna ta zaunar da ni cikin dangi, da zan taho ta ƙunshe min banda a takardar siminti ta ce in kai wa mahaifiyata.