Daren da na lallashi Hajiya ta janye

Tun 2021 nake bin gida-gida a unguwarmu, ina roƙon magidanta su bar matansu su fita rajistar zaɓe. Wannan bai ba ni wuya ba, domin muna da abin nunawa: mace ce, wata Hajiya 'yar unguwarmu, ke neman kujerar majalisar jiha. Da Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurori biyar na mata a ranar 1 ga Maris 2022, har da ƙudurin ware musu kujeru, sai abin ya ƙara mana ƙaimi.

Ana saura kwana biyu zaɓen fidda gwani, dattawan jam'iyya suka kira ni bayan isha'i. Wai a yi maslaha. Hajiya ta janye wa wani Alhaji, mu kuma a ba mu kujerar shugabar mata, a kawo ungozoma asibitin unguwa. Ga shayi, ga "ranki ya daɗe". Kaina ya kumbura, na ɗauka siyasa na iya. Da bakina na je na lallashe ta har ta yarda, ban tuntuɓi ko mace ɗaya cikin waɗanda na fitar cikin rana ba. A gidan suna suka ji labari.

Da aka fara raba katin zaɓe, na koma musu. Wata Inna na tsince shinkafa a faranti, ko kai ba ta ɗago ba.

"'Yar nan, kin ce tamu za mu zaɓa. Tunda kun gama zaɓenku a falo, layin me zan bi?"

Na rasa bakin magana. Ranar zaɓe, 18 ga Maris 2023, na wuni a rumfa ina ƙirga hijabai. Masu taliya da atamfa sun zo, sun karɓa, sun dangwala. Nawa matan, na Islamiyya da na adashi, suna gida. Mutane suka ɗora laifin a kan ƙarancin takardun naira, ni dai na san nawa.

Duk wadda aka kira irin wannan zama, kada ta je ita kaɗai, kada ta amsa a daren. Ki ce sai kin koma wa matanki, kuma a rubuta alkawarin, a sa hannu. Ni ban yi ko ɗaya ba. Ungozomar har yau shiru, Alhajin kuwa ya canja lamba.