Laraba: harafin "a" ya fara fitowa biyu-biyu

Tun hantsi kibod ɗin da nake aiki da shi a ofis ya fara saka "a" biyu a bugu ɗaya, jefi-jefi. Mai rubutun Hausa ba zai jure wannan ba, don babu harafin da yake shan bugu kamar "a", kusan kowace kalma da shi a cikinta.

Dalilin matsalar a fili yake. A irin wannan kibod ɗin kowane maɓalli yana da nasa suwic, a cikinsa akwai sifirin da siraran ƙarafa biyu da suke haɗuwa idan an danna. Lokacin haɗuwar sukan ɗan yi rawa na ƙiftawar ido, shi ya sa kibod ɗin yake jira kamar kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ya karɓi bugun. Idan ƙura ta kwanta a kan ƙarafan, rawar sai ta wuce wannan lokacin, bugu ɗaya ya koma biyu. Ƙurar hunturu kuwa ta gefen sandar suwic, wadda hular maɓalli take zama a kanta, take bi ta shige, ko da tagogi a rufe suke.

Bayan azahar na zare wayar daga kwamfuta, na cire hular maɓallin da macirin waya. Na roba mai zobe yana ƙarce gefen hula, ban son shi. Na danne sandar, na ɗiga sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari, ɗigo biyu, na yi ta dannawa har ya ratsa, na bar shi ya bushe. Sifirit ɗin kemis da aka gauraya da ruwa bai dace ba, man feshin kanikawa kuma ya fi muni, domin yana barin maiƙo, maiƙo kuma ƙura yake kamawa.

Ya yi sauƙi amma bai bari ba, sai na canja suwic ɗin gaba ɗaya. A nan ne kibod mai soket, wanda ake cusa suwic a zare shi, yake biyan kuɗinsa: ba sai an narka dalma ba. Ana kama 'yan kunnuwan suwic ɗin na sama da na ƙasa da maciri, a ja a miƙe. Na ɗauko na maɓallin Scroll Lock da ba wanda yake taɓawa na sa a gurbin "a". Kafin a tura sai an duba ƙafafun ƙarfen nan biyu sun miƙe sak. Idan ɗaya ta lanƙwashe a gyara ta da hantsaki, don tura ta da ƙarfi yana iya ɓalle soket ɗin daga allon ciki, wannan kuma sai mai gyara. Wanda ya sayo suwic mai ƙafa 5 alhali allonsa na ƙafa 3 ne, ya yanke ƙafafun roba biyu na gefe, zai shiga.

Tunda na riga na buɗe, na duba dogon maɓallin tazara da ya daɗe yana kwaramniya. Ba suwic ba ne, wayar ƙarfen da take daidaita shi ce take bugun roba. Ɗan giris na lantarki a bakin wayar ta kowane gefe, kwatankwacin ƙwayar gero, ƙarar ta mutu. Idan ya yi yawa maɓallin zai riƙa nauyin dawowa.

Hajiya da muke raba ɗaki da ita ta ce, "Malam, yau dai kunnuwanmu sun huta." Tana da gaskiya, kuma batun ƙara shi ne abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa. Suwic samfurin Cherry MX shuɗi yana ƙas-ƙas a kowane bugu, da gangan aka ƙera shi haka, ba na ɗakin mutum biyu ba ne. Mai ruwan ƙasa, wanda nake da shi, yana da ɗan tudu da yatsa yake ji ba tare da wannan ƙarar ba. Ja santsi ne har ƙasa. Zurfinsu milimita 4, amma harafi yana fita tun wajen milimita 2, saboda haka yawancin hayaniyar daga buga maɓalli har ƙasa take. Sassauta hannu da shimfiɗa tabarmar tebur a ƙarƙashi sun fi zoben roba da ake sawa a ƙarƙashin hula amfani a ganina, zoben yana sa dannawa ta yi laushi marar daɗi.

Wankin huluna na bar shi sai Asabar: a ɗauki hoton jerin tukuna, a jiƙa su a ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, a shanya a inuwa su kwana, don ramin ƙasan hular yana riƙe ruwa. Ruwan zafi ko rana suna iya karkatar da dogon maɓallin, musamman na robar ABS. Kafin in tashi na lulluɓe kibod ɗin da ƙyalle, haka zan riƙa yi har hazon ya wuce.