Kafin Ka Bar Wa Yaron Shago Makron Da Ka Rubuta

Ƙannena masu koyon aikin injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, a Kumasi, kun sha tare ni a Aboabo ko a teburin mai shayi a Asawase da tambaya ɗaya: wanda ya iya G00 da G01 da G02, umarnin da ke motsa wuƙar inji, ya san G81 na huda rami, me ya rage masa? Abin da ya rage shi ne makro, wato firogiram da ake ba shi lambobi ya yi lissafin aikin da kansa. Ku dubi aikin da ke zuwa mana daga Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi: fulanji, fuli, bushi, kayan injin niƙan masara. Siffar ɗaya ce, awo ne ke sauyawa. Yau ramuka 6, gobe mai kaya ya zo da na 8. Wanda bai iya makro ba sai ya sake zama ya rubuta firogiram daga farko, wanda ya iya kuwa lamba biyu zai canza a layi guda, ya tayar da inji.

Ka fara duba injin shagonku tukuna. Da yawa daga cikin injinan da ke shigo mana na hannu ne, kuma a tsofaffin Fanuc (kamfanin da ke yin kwamfutar injin), Custom Macro B, wato tsarin rubuta makro, abu ne da ake saya daban, ba kowanne ke ɗauke da shi ba. Shiga MDI, inda ake rubuta wa inji umarni da hannu, ka rubuta #100=5. Idan ya karɓa, bismillah. Idan ya yi alam, kada ka ɓata dare kana hadda. Haas da Mitsubishi sun yi kusa da tsarin Fanuc, Siemens da R yake aiki, Heidenhain da Q. Ni na Fanuc zan yi magana a kai, don a kansa hannuna ya faɗa.

Makron da na fara alfahari da shi na jera ramuka ne a da'ira. Ana kiransa da layi ɗaya: G65 P8010 X0. Y0. R60. H8. Z-12. Gurbi shi ne wurin da inji ke ajiye lamba. Harafin R, rabin faɗin da'irar, yana shiga gurbin #18, H, yawan ramuka, yana shiga #11, X da Y su shiga #24 da #25, Z kuma #26. A ciki sai injin ya raba 360 da yawan ramuka, ya nemo wurin kowane rami da COS da SIN. A hannuna bai taɓa ba ni kunya ba. Wata rana na fita sallar la'asar, na bar wa wani yaro aikin, ya kwafi layin ya manta R. Na dawo na tarar da diril ya sauka sau takwas a wuri ɗaya, a tsakiyar ƙarfen mai kaya. Na yi wa yaron faɗa sosai, alhali laifin na wanda ya rubuta makron ne. Harafin da ba a bayar ba yakan bar gurbinsa fanko, kuma Fanuc idan ya zo lissafi da gurbin da ke fanko, sifili yake ɗaukarsa. Da'ira mai faɗin sifili kuwa tsakiya ce. Injin ya yi abin da aka ce masa daidai.

Maganin layi biyu ne. A saman makron ka sa IF [#18 EQ #0] GOTO 900, a ƙasa kuma, bayan M99 mai rufe makron, ka sa N900 #3000=1 (BABU R). Gurbin #0 kullum fanko yake, kuma wajen gwaji da EQ, wato “daidai da”, injin yana bambanta fanko da sifili. Shi kuma #3000 tsayar da inji yake yi, ya fito da saƙonka a allo. Ka yi wa kowane harafi irin wannan shinge, ka kuma hana abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar yawan ramuka sifili ko zurfin da ya wuce kaurin ƙarfe. Yau a makrona layukan shinge sun fi na yanka yawa, kuma ban ga aibun hakan ba, tunda wanda zai danna maɓallin galibi ba ni ba ne.

Sai maganar inda lamba ke kwana. Daga #1 zuwa #33 na makron da ke aiki ne shi kaɗai. Daga #100 zuwa #199 kowane firogiram yana ganinsu, amma da an ɗauke wuta sun goge. Daga #500 zuwa #999 suna nan daram ko injin ya kwana a kashe. Mu da muka san dumso, yawan ɗauke wutar Ghana, ai bai kamata a tuna mana wannan ba, amma ni a #100 na ajiye ƙidayar kayan da diril ya huda, don in san lokacin canza shi. Wuta ta tafi, ƙidaya ta koma farko, diril ya ci gaba da aiki har ya dakushe ya ƙone a cikin rami. Da na koma #500 sai wata matsalar ta fito: gurbin kamar randar tsakar gida yake, kowa na ɗiba kowa na zubawa. Wani firogiram da masta ya daɗe da sakawa yana amfani da gurbin da na ɗauka, muka yi ta ɓata wa juna lamba ba mu sani ba. Tun daga nan akwai takarda manne a jikin injin, an rubuta kowane gurbi da mai shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne WHILE, umarnin da ke maimaita aiki muddin sharaɗi na nan. Na rubuta cewa wuƙa ta riƙa sauka 0.7 a kowane zagaye muddin zurfin bai yi daidai da -12 ba, wato da NE. Ɗauki biro ka lissafa: bayan zagaye 17 tana -11.9, na gaba tana -12.6. Ba za ta taɓa taka -12 cif ba, don haka sharaɗin ba zai ƙare ba, wuƙa za ta yi ta nutsewa har teburin inji. Allah ya taimake ni hannuna na kan jan maɓalli. Wajen zurfi ka yi amfani da GT (ya fi) ko LT (bai kai ba), sannan ka sa layin da zai ce idan saukar ta wuce iyaka, a mayar da ita iyakar.

G91 kuma, mai auna tafiya daga inda wuƙa take, idan makronka ya shiga shi, ya fita ya bar injin yadda ya same shi. Ka ajiye #33=#4003 a farko (#4003 ne ke nuna ko inji na G90 ko G91), ka rubuta G#33 kafin M99. In ba haka ba, layin da ke biye a babban firogiram zai auna tafiyarsa daga inda wuƙa take tsaye, ba daga G54, sifilin aikin, ba. Ɗigo ma haka: a injina da yawa X25 ba tare da ɗigo ba 0.025 ne, ba milimita 25 ba.

Akwai gurabe daga #1000 zuwa sama waɗanda na injin ne kansa. #5041 yana gaya maka inda X yake, #5221 kuwa shi ne X na G54. Karanta su babu laifi. Rubuta lamba a cikinsu kuwa, ka bari sai masta yana tsaye a kanka, don lamba ɗaya a #5221 tana matsar da aikin kowa.

Sabon makro a takarda nake fara gwada shi. Ina zana layi ga kowane gurbi, in bi zagaye uku na farko da na ƙarshe da kalkuleta. Daga nan in ɗaga Z sama da ƙarfe, in rage gudu, in tafi layi-layi, allon gurabe a buɗe ina kallon lambobi suna sauyawa. Bayan haka sai in kira ƙaramin yaron shago in ce ya kira makron yadda ya ga dama, ya bar harafi, ya sa lambar banza. Idan ya iya sa wuƙa ta motsa da kira mara kyau, akwai sauran shinge da ban sa ba. Idan ya wuce wannan, sai in kwafe shi a kati ko filash in ajiye a gida, domin batirin da ke riƙe ƙwaƙwalwar tsohon inji yana mutuwa, kuma idan za a canza shi, injin a kunne ake canzawa.