Yadda na zaunar da marubutan Amurka a ɗaki ɗaya da buroshi

Shekara biyu da suka wuce na ɗauki aniyar kwaikwayon wani tsohon zane domin in gyara hannuna a kan zana mutane da yawa a wuri guda, sai na zaɓi aikin Christian Schussele na 1864, wanda ke ajiye a gidan adana zane-zanen mutane na National Portrait Gallery da ke birnin Washington. Zanen ya nuna marubucin Amurka Washington Irving zaune a tsakiya a gidansa na Sunnyside da ke bakin kogin Hudson, marubuta goma sha huɗu sun kewaye shi, ciki har da Longfellow da Hawthorne da Emerson da James Fenimore Cooper. Sai da na yi mako guda ina jan layukan gawayi a kan ƙyalle kafin na karanta tarihinsa, na gane cewa wannan zama bai taɓa faruwa ba. Cooper ya rasu tun 1851, Irving da masanin tarihi William Prescott kuma a 1859, wato lokacin da aka gama zanen mai gidan kansa ya shekara biyar a ƙasa. Wani mai zane, Felix Darley, shi ne ya tsara yadda za a jera su, Schussele kuma ya shafa fenti.

Wannan ya sauya yadda nake kallon aikin. Mutum goma sha biyar ne, dukansu maza farar fata, ba Edgar Allan Poe, ba Melville, ba Whitman, ba kuma Harriet Beecher Stowe duk da irin suna da ta yi a lokacin. Na ce a raina, tunda mai zane ne ke raba katin gayyata, ni ma bari in kira nawa taron. Na ajiye kwaikwayon a rabi, na tara hotunan marubuta biyar baƙar fata: Frederick Douglass, Zora Neale Hurston, Langston Hughes, James Baldwin da Toni Morrison. Douglass ya rasu a 1895, Morrison kuwa sai a 1931 aka haife ta, saboda haka ƙaryar da na shirya ta fi ta Schussele girma.

Kuskurena na farko shi ne na zana kowace fuska daidai yadda take a hotonta. Kowa ya yi kama da kansa, amma da na ja da baya na duba, sai na ga haske ya bugi Douglass ta hagu, ya bugi Baldwin ta dama, Morrison kuma hasken fitilar mai ɗaukar hoto ya wanke mata goshi. Sun zama kamar hotunan fasfo da aka yanka aka liƙa a kwali. Na koma wa Schussele na ƙura wa zanensa ido, sai na lura cewa abin da ya haɗa mutanensa haske ne guda da ya rufe su duka, ba kamannin fuska kaɗai ba. Na kankare fentin fuskoki uku, na yanke shawarar cewa taga ɗaya ce a ɗakin, tana hagu. Daga nan na roƙi ƙanena da maƙwabcinmu su riƙa zama kusa da tagar ɗakina da hantsi, ina duba inda inuwar hanci ke faɗuwa da yadda take kwanciya a ƙarƙashin haɓa, sannan in mayar da ita kan fuskar marubucin.

Tsayi ma ya ba ni wahala, domin hoto ba ya faɗa maka girman mutum. Douglass dogo ne ƙaƙƙarfa, Baldwin kuwa ɗan ƙaramin jiki, sai na zaunar da na farko, na bar na biyu a tsaye da taba a hannu.

Abin da ya fi cin raina shi ne idanu. Douglass ya yi fice wajen yawan ɗaukar hoto a ƙarni na 19, kuma kusan ba a taɓa ganinsa yana murmushi a ciki ba, da gangan yake gimtse fuska don kada a mayar da baƙar fata abin dariya. Hurston kuwa hotunanta cike suke da fara'a, ga hula a karkace. Da na bar kowa yana kallon gaba, sai ɗakin ya yi tsit kamar gidan makoki, don haka na karkata kan Hughes wajen Hurston kamar ta faɗi wata magana, na sa Baldwin yana kallon Douglass. Nan take hira ta shiga zanen, duk da na san abotar Hughes da Hurston ta ɓaci a 1931 kan wani wasan kwaikwayo da suka rubuta tare.

Saura kujerar tsakiya. Da farko Morrison na ba wa, saboda kyautar Nobel da ta ci a 1993, amma sai na ji nauyin zaunar da ita a gaban dattijo kamar Douglass, na sauya musu wuri. Har yau idan rana ta haska ƙyallen da yamma, ana ganin alamar gashinta a ƙarƙashin fentin kafaɗarsa.