Hotunan Fuluto da kumbon da ya ɗauko su

Daren jiya barci ya ƙaurace mini, sai na shiga kallon hotunan Fuluto, wata 'yar ƙaramar duniya da ke zagaya rana daga can nesa, waɗanda kumbon New Horizons na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya aiko. Jama'a, abin ya tsaya mini a rai.

An harba kumbon nan a watan Janairun 2006, bai isa Fuluto ba sai 14 ga Yulin 2015. Shekara tara da rabi yana tafe, da ya isa kuma ko tsayawa bai yi ba, don gudun da yake yi ya fi ƙarfin birki. Giftawa kawai ya yi yana ɗaukar hotuna. Saƙo daga can sai ya yi wajen awa huɗu da rabi kafin ya iso mana, kuma sai da aka haura shekara guda ana sauke bayanan kaɗan-kaɗan.

Wurin da ake zaton kufai ne, ashe da sauran motsi a cikinsa. Akwai wani makeken fili mai siffar zuciya, ɓangarensa guda daskararriyar iskar naitirojin ce da ke juyawa a hankali, har babu ramukan faɗowar duwatsu a kanta. Tsaunukan da ke gefe kuwa na ƙanƙarar ruwa ne, tsananin sanyi ya sa ta taurare.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Yuranus da Neftun, wasu manyan duniyoyi biyu da su ma ke zagaya rana daga nesa. Tun da kumbon Voyager 2 ya ratsa ta gabansu a 1986 da 1989, babu kumbon da ya sake leƙa su.