Godiya ga Allah da duk waɗanda suka tsaya wa ƙanenmu

Alhamdulillahi, an sallami ƙanenmu daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, yana takawa da ƙafarsa, idonsa kuma na gani.

Ga waɗanda ba su ji ba: yana aikin walda a Sabon Gari, faifan injin yankan ƙarfe ya fashe, gutsure ya same shi a saman ido. Raunin bai kai girman ƙwayar wake ba, jinin ma ya tsaya da wuri. Amma ciwon kai ya ƙi sauka, ido ya kumbura, sai amai.

Godiyarmu ta farko ga likitan da ya fara tambayar sana'arsa kafin komai. Yana jin walda ya ce kada a kusantar da shi na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, domin maganaɗisunta mai ƙarfin gaske ne, kullum a kunne yake, zai iya janyo ƙarfen daga inda ya tsaya ya yanki jijiyar ido ko ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wallahi da ganinmu ne, hoton da ya fi tsada, wato MRI ɗin, za mu nema. Hoton eksire ya nuna ƙarfen fari fat, sai dai bai faɗi zurfinsa ba. Aka tura mu CT, wanda ke ɗaukar kai yanki-yanki, nan aka ga gutsuren ya shige gurbin ido ya tsaya dab da ƙashin da ya raba ido da ƙwaƙwalwa. Da wannan hoton likitocin tiyata suka san ta inda za su bi. Ma'aikaciyar ɗakin hoto ma ta zaunar da Hajiyarmu ta yi mata bayani da Hausa har hankalinta ya kwanta. Allah Ya saka mata da alheri.

Muna godiya ga abokan sana'arsa da suka haɗa kuɗin hoto, da jama'ar masallacinmu a Tudun Wada, da maƙwabtan da suka riƙa kawo abinci Shika, da nas-nas da suka kwana a kansa. Allah Ya biya ku, Ya raba ku da irin wannan rana.

Yana gida yanzu. Likita ya ce ya huta sosai, don haka masu zuwa dubiya a daure a bari sai bayan la'asar.